Yadda ake gano matsalar sensar oksijin bayan an yi wa mota aikin salansa

An kai mota wurin mai walda. Ko dai an sauya tukunyar salansa, ko an yanke bututu an jona wani, ko an ɗaura sabon manifol, ko kuma an fasa katalis, tukunyar da take tace gubar hayaƙi, wanda a gareji ake ce wa indomi, an zubar da abin cikinsa. Bayan kwana biyu ko uku sai fitilar cek injin ta kama. A sa sikana, na'urar karanta kwamfutar mota, ta nuna lambar matsala P0136 ko P0420, sai ka ji an ce, "Oga, sensa ce ta mutu." A sayo sabuwa a ɗaura, mako bai zagayo ba fitila ta dawo. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Sensar da take aikinta lafiya kafin a taɓa salansa, da wuya a ce ta zaɓi wannan makon ta mutu don kanta. Lambar da sikana ta nuna tana gaya maka inda kwamfutar mota ta ga abin da bai gamshe ta ba, amma ba ta faɗin abin da ya jawo shi. Saboda haka binciken daga inda hannu ya taɓa yake farawa, sayen sensa kuma shi ne na ƙarshe.

Abin da sensar take yi

Injin fetur yana son iska da mai su haɗu bisa ma'auni, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai idan aka auna nauyi. Sensa tana zaune cikin bututun hayaƙi tana auna ragowar oksijin da ya fito bai ƙone ba. Irin wadda aka fi sani, wadda kamfanin Bosch ya fara sa wa motocin Volvo a 1976, tana ba da wuta 'yar kaɗan: kusan volt 0.1 idan iska ta yi yawa, kusan 0.9 idan mai ya yi yawa, tsakiya kuma 0.45. Ba ta fara magana sai ta yi zafin da ya haura digiri 300 na ma'aunin Selshiyos, shi ya sa aka sa mata hita a ciki. Cikin wayoyi huɗun da kake gani a jikinta, biyu na hita ne, biyu na saƙo.

Yawancin motocin da ake shigo da su daga Amurka, daga ƙirar 1996 zuwa sama, suna da sensa gaban katalis da kuma bayansa. Haka motocin fetur na Turai daga 2001. Ta gaba ita kwamfuta take bi tana ƙara mai ko ragewa. Ta baya babban aikinta sa ido a kan katalis. A fuskar sikana za ka ga B1S1, B1S2, B2S1, B2S2. S1 ta gaba, S2 ta baya. B1 shi ne ɓangaren injin da silinda ta ɗaya take. Injin silinda huɗu galibi B1 kaɗai gare shi. A injin V6 na Camry da Sienna da Accord, wanda yake kwance a gicciye, B1 shi ne na baya, wajen gilashi, B2 kuma na wajen lagireto. Nan mutane da yawa suke sauya sensar da ba ruwanta, don ita ce mai sauƙin kamawa.

Kayan aiki ba su da yawa: sikana mai nuna karatu yayin da injin ke aiki (ko da ƙaramar ELM327 ce da ake haɗawa da waya), mitar gwajin wuta, soket ko sifana mai lamba 22, tocila, ruwan sabulu, da rami ko jak mai madogara. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Kada kuma ka bar injin yana aiki cikin rufaffen shago, domin hayaƙin da ba ya wari shi ne yake kisa.

Mataki na farko: rubuta kafin ka goge

Soket ɗin sikana mai baki 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Ka karanta duk lambobin, har da waɗanda suke jiran tabbaci, ka rubuta su a takarda. Sannan ka buɗe hoton da kwamfuta ta ɗauka na lokacin da matsalar ta faru: zafin injin, gudun mota, juyin injin, da yawan gyaran mai, wato man da kwamfuta take ƙarawa ko ragewa. Wannan bayanin yana tafiya da zarar an goge, kuma shi zai gaya maka ko abin a silo yake faruwa ko a kan titi, da sanyin safiya ko bayan injin ya ɗau zafi.

Lambobin suna da tsari. P0130 zuwa P0135 na B1S1 ne, P0136 zuwa P0141 na B1S2, P0150 zuwa P0155 na B2S1, P0156 zuwa P0161 na B2S2. A kowane rukuni jerin ɗaya ne: matsalar layi, wuta ta yi ƙasa, wuta ta yi sama, amsa a makare, shiru babu motsi, sai hita. Ke nan P0131 wuta ƙasa ce a sensar gaba, P0138 wuta sama a ta baya, P0135 da P0141 hita. P0171 da P0174 suna cewa iska ta yi yawa, P0172 da P0175 mai ya yi yawa. P0420 da P0430 kuwa ko sunan sensa babu a cikinsu, ƙorafi suke a kan katalis, na B1 da na B2.

Mataki na biyu: tambayi abin da aka yi

Ka koma wurin wanda ya yi aikin, cikin girmamawa, ka ce, "Maigida, daga ina zuwa ina aka yanke? An kwance sensa, ko tana ɗaure aka yi walda? An cire batir?" Amsar tana rage maka rabin wahala. Idan tukunyar baya kaɗai aka sauya, can bayan duk sensoshin, to salansar kanta ba ta da hanyar kunna fitila, sai dai idan an ja waya ko an girgiza mahaɗar da take kusa da sensar baya. Idan an taɓa manifol ko bututun gaba, zargi yana kan yoyo da wayoyi. Idan an taɓa katalis, ka riga ka san inda P0420 ta fito.

Lokacin da fitilar ta kama shi ma shaida ne. Wadda ta kama tun kafin a bar gareji, yawanci soket ne ba a mayar ba ko waya ta tsinke. Wadda ta ɗauki kwanaki, katalis ne ko yoyo, domin kwamfuta ba ta yanke hukunci a kan waɗannan sai ta ga abin a tafiya biyu a jere.

Mataki na uku: bi waya da ido da hannu

Bari salansa ta huce. Ka kama wayar daga jikin sensa ka bi ta har soket. Abin da aka fi samu shi ne waya a murɗe kamar an tufka ta, saboda an kwance sensar ba a cire soket ba. Daga waje roba tana nan lafiya, a ciki kuwa silin ya tsinke. Na biyu, an manta ba a mayar da wayar cikin maƙalinta ba, ta kwanta a kan sabon bututu ta narke. Ka juya ta ka duba gefen da yake fuskantar ƙarfe, nan za ka ga robar ta yi ƙyalli ta manne. Na uku, tartsatsin walda. Ka cire soket ka haska: ƙafar da ta lanƙwashe, ko ta koma ciki, ko ta yi kore.

Idan an ɗaura dogon manifol, sensa takan koma nesa, waya ba ta kai ba, sai a yanke a jona. Jonin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba ya ɗaukar saƙon da bai kai volt ɗaya ba. Dalma ma ba a so a wayar jikin sensa, domin da yawa daga cikinsu ta tsakanin silin wayar suke shaƙar iskar waje da suke kwatanta hayaƙi da ita. A nemi wayar ƙari mai soket kai da kai.

A injin V6 ko V8 akwai wani kuskure mai sauƙin aukuwa: a musanya soket na dama da na hagu. Kwamfuta ta ƙara mai a B1, amsa ta zo mata daga B2, sai ta yi ta ƙarawa a nan tana ragewa a can. Za ka ga gyaran mai ɗaya ya haura sama sosai, ɗaya ya nutse ƙasa, injin yana rawa bayan ya ɗau zafi. Wasu motocin suna ba da P0040 ko P0041 a kan wannan, wasu ba sa bayarwa.

Mataki na huɗu: yoyon salansa

A nan ya kamata a daɗe, domin a ganina shi ne ya fi kowane yaudarar masu gyara. Mutum zai ce, "Ai hayaƙi fita yake yi ta hujin, ina ruwan sensa?" Hayaƙi ba ya tafiya a miƙe, bugu-bugu yake fitowa daga silinda, kuma bayan kowane bugu akwai ɗan lokacin da bututun yake zuƙo iska daga waje. Huji ƙarami gaban sensa, ko kusa da ita ta baya, ya isa ya shigo da oksijin. Sensa ta faɗi gaskiyar abin da ta gani: iska ta yi yawa. Kwamfuta ta ƙara mai ga injin da ba ya buƙata. Sakamakon shi ne P0171 ko P0131 ko P2195 a fuskar sikana, alhali fulogi sun yi baƙi, mota tana shan mai, bayanta yana warin fetur. Idan yoyon tsakanin katalis da sensar baya yake, sai ka ga P0137 ko P2096, wani lokaci ma P0420 a kan katalis mai lafiya.

Hanyar nemansa: ka tayar da injin da sanyi ka saurara. Ƙaran "tik-tik-tik" da yake raguwa idan ƙarfe ya yi zafi, yoyon manifol ne. Ka haska kowace mahaɗa da kowane layin walda ka nemi baƙin zane na kunkunniya, musamman saman bututu, inda hannun mai walda ba ya kaiwa da daɗi idan daga ƙasa ya yi aikin. Ƙaramin madubi yana taimakawa. Ka sa wani ya danne bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu, za ka ji huci yana fita inda hujin yake. Mafi tabbas kuma, injin a kashe, salansa a sanyaye: a hura iska ta baya da abin hura iska, a yayyafa ruwan sabulu a mahaɗu, inda ya yi kumfa nan ne.

Ka duba gasket. Sau da yawa tsohon ake mayarwa, ko a shafe wurin da gam. Gam na silikon da ba a rubuta cewa ya dace da sensa ba, tururinsa yana lalata ta, kan ya yi fari kamar an barbaɗa masa alli. Ka duba gindin da sensar take ɗaure ciki idan sabo aka walda: zagayensa ya rufu? Kan sensar ya shiga cikin hayaƙi sosai? Ya kamata kuma wayarta ta kalli sama, aƙalla digiri 10 daga kwance, don kada ruwan da yake taruwa a bututu da safe ya zauna a kanta ya fasa tangaran ɗin ciki.

Kada ka wuce wannan mataki da yoyo a buɗe. Duk karatun da za ka yi bayansa ƙarya zai zama.

Mataki na biyar: hita

Wannan gajere ne. Idan lambobin hita biyu ko fiye suka zo tare, kamar P0135 da P0141, fara da fiyus, domin wayar da ta narke ta taɓa ƙarfe ita take ƙona shi. Ka gyara wayar kafin ka sa sabo. Idan fiyus lafiya, cire soket, kunna makulli, ka nemi volt 12 a ɓangaren mota. Wasu motocin sai injin ya tashi suke sakinta. Sannan ka auna wayoyin hita a ɓangaren sensa, su ne biyun masu launi ɗaya: farare a Bosch, baƙaƙe a Denso. Tsohuwar irin sensa ta Toyota takan ba da ohm 11 zuwa 16 idan tana sanyi, sabuwar irin ta gaba kuwa ƙasa da ohm 4. Idan mita ta nuna layin a buɗe yake, hita ta tsinke, kuma a nan kam sensa za a sauya.

Mataki na shida: kalli karatu injin yana aiki

Bari injin ya kai cikakken zafinsa. Ka riƙe totur a wajen juyi 2,500 a minti. Sensar gaba mai lafiya za ta riƙa hawa da sauka tsakanin kusan 0.1 da 0.9, aƙalla sau ɗaya a daƙiƙa. Ka taka totur da ƙarfi ka saki: ta haura 0.8, sannan ta faɗo ƙasa da 0.2. Ka zare ƙaramin tiyo na iska daga manifol ɗin shiga, ta faɗi nan take. Sensar da ta amsa duk wannan tana da rai, ko me lamba ta ce. Wadda ta tsaya cak a 0.45 ba a jin ta, ka koma kan waya da soket. Idan ka ga karatu ya zarce volt ɗaya da nisa, ba daga jikinta yake fitowa ba, wayar saƙo ce ta haɗu da ta hita.

A kula: motocin Toyota da Honda da yawa na shekarun 2000 zuwa yau suna da wata irin sensa a gaba, mai auna iska da mai kai tsaye. Ita ba ta hawa da sauka. A Toyota tana zama kusa da volt 3.3, wasu sikanoni su nuna 0.66, kuma karatunta a juye yake: sama yana nufin iska ta yi yawa. An sha cire lafiyayyiya a jefar don an gan ta "a tsaye". Zarenta ɗaya ne da na ta baya, tana ɗauruwa a ramin juna, amma ba sa aikin juna. Idan mai walda ya kwance duka biyun ya ajiye a ƙasa, ka tabbata kowace ta koma ɗakinta.

Sai gyaran mai, STFT (na gajeren lokaci) da LTFT (na dogon lokaci). Ka haɗa su biyun. Tsakanin ragi 10 da ƙari 10 cikin ɗari ba damuwa. Ƙari mai yawa a silo da yake raguwa idan an taka totur yana nuna iska tana shiga inda bai kamata ba, ko ta salansa ko ta ɓangaren shiga.

Yanzu ka jera ta gaba da ta baya a fuska ɗaya. Katalis mai aiki yana riƙe oksijin, saboda haka ta baya takan kwanta a wajen 0.6 zuwa 0.8 tana ɗan motsi a hankali. Idan tana tsalle sama da ƙasa cikin sauri, katalis ba ya aiki ko babu shi. Ƙwanƙwasa tukunyar da hannu idan ta huce: wadda aka kwashe tana amsawa kamar fankon gwangwani, wadda ta farfashe tana kacau-kacau. Tukunyar na iya zama a wurinta da sabon layin walda a bayanta, ciki wayam, domin abin cikin yana da filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu sayensa. Duk mai sayen mota 'yar Kwatano ya kamata ya leƙa wannan wurin.

Idan katalis ɗin ne babu

Sensa goma ba za su kashe P0420 ba. Maganin shi ne a mayar da katalis da ya dace da motar. Na araha mai ƙarancin sinadari yakan yi shiru na 'yan watanni, lambar ta dawo. Kafin a ɗaura wani, a nemo abin da ya kashe na farko idan toshewa ya yi: fulogi ko koyil da ba ya ba da wuta, nozul mai ɗiga, injin mai cin baƙin mai ko ruwa. In ba haka ba sabon ma hanyar zai bi.

Akwai masu sa wani ɗan ƙarfe da yake janye sensar baya daga cikin hayaƙi, ko su sa a rufe lambar a kwamfuta, ko ma a zare ƙwan fitilar. Ban ba da shawarar ko ɗaya ba. Hayaƙin yana nan yadda yake, kai da na bayanka a go-sulo kuna shaƙa. Ɗan ƙarfen kuma yakan haifar da P0139 ko P2270, tunda sensar ta daina amsawa da wuri. A Amurka dokar tsaftar iska ta hana cire katalis ko yaudarar sensa a motar da take hawa titi, a Ingila kuma motar ba za ta ci gwajin shekara ba. Barin fitilar a kunne ma yana da nasa hatsari: ranar da babbar matsala ta zo, ba ka da mai gaya maka.

Idan ta tabbata sensar ce

Waya lafiya, babu yoyo, hita tana samun wuta, amma ba ta amsa ko tana jan jiki. To, a sauya. Mai yiwuwa ta faɗi ƙasa lokacin aikin, ko zafin walda ya dafa ta, ko an buge ta da guduma wajen kwancewa. A injin mai ɓangare biyu, idan lambar jikinsu ɗaya ce, musanya ta B1 da ta B2 ka ga ko lambar matsalar za ta bi ta. Wanke ta da fetur ba ya dawo da wadda ta mutu.

Saya da lambar da take jikin tsohuwar, Denso ko NTK ko Bosch, gwargwadon abin da motar ta zo da shi. Cire soket tukuna. Ta fi saurin kwantuwa idan bututu yana da ɗumi. Fara ɗaura sabuwar da hannu don kada zare ya hau, sannan a matse da kusan Nm 40 zuwa 45 a sifana mai auna ƙarfin matsi. Man hana tsatsa a zare kaɗai, kada ya taɓa kai. Mayar da waya cikin maƙalanta, nesa da ƙarfe mai zafi.

Sannan a goge lambobi a gwada. Mutuwar fitila a gareji ba ta tabbatar da komai ba, domin gogewa tana mayar da duk gwaje-gwajen kwamfuta farko. Ka tayar da motar da sanyi, ka bar ta a silo minti biyu ko uku, ka hau titi ka riƙe gudun kilomita 80 zuwa 90 a awa na kusan minti goma, ka saki totur ta gangara da kanta, sannan ka yi yawon cikin gari. Maimaita washegari. Ka sa sikana ka duba shafin gwaje-gwaje: na sensa, na hita da na katalis su nuna sun kammala, babu lamba mai jiran tabbaci, gyaran mai yana tsakanin ragi 10 da ƙari 10. A motocin Amurka na 2010 zuwa sama za ka iya ganin lambar ta maƙale a matsayin ta dindindin ko bayan gogewa. Sikana ba ta cire wannan, kwamfutar ce take share ta da kanta idan gwajin ya wuce lafiya.